Tsibirin Gobir, a Bakin Ƙofar Maraɗi

Duk wanda ya saba shiga motar Yamai zuwa Maraɗi ya san Tsibiri, amma sanin taga. An yini ana cin hanya, an bar Doso da Dogonduci da Ƙonni da Madawa, an wuce Gidan Runji, to da an hango allon da aka rubuta Tibiri sai mota ta kaure da hayaniya. Wannan na laluben takalminsa ƙarƙashin kujera, wancan na buga waya gida a turo yaro tasha. Abin da ya rage bai fi kilomita 12 ba. A wurin matafiyi Tsibiri alamar isowa ce, ba wurin sauka ba, kuma mu ƴan Maraɗi ma ba mu ɗauke ta da nisa da haka ba: wata unguwa ce da ta ɗan yi wa kasuwa nisa. Alhali fadar Gobir ce sukutum, gidan sarautar da a ƙarni na 18 ta hana Zamfara da Katsina barci.

Suna ne ya kai ni. Gwaggona can take aure, aka yi mata jika, ta aiko cewa in ban zo ba kada in ƙara kiranta gwaggo. Hunturu ne, an gama kaka, hazo ya lulluɓe gari. Raɗin suna ba ya jiran rana ta ɗaga, saboda haka da idar da sallar asuba ƙanena ya goya ni a babur daga unguwar Zariya, kowa ya naɗe fuska sai idanu, muka ɗau hanyar Yamai.

Muna yara, in an bar gidajen ƙarshe na Maraɗi sai gonaki da gawo har a hango Tsibiri. Yanzu ido ba ya samun wannan hutu. Mangaza ce bayan mangaza, gidajen mai, ƴan ruwa-ruwa da kwalabensu jere a kan benci, manyan motoci sun kwana bakin hanya yaran mota na jin wuta. Inda gini ya ƙare kuma sai katangu su karɓa, an kewaye fili an sa ƙyaure an kulle, ciki ba kowa sai tumfafiya. Gaba da su sai ƴan duwatsun siminti da ake kafawa a kusurwar fili. Na ga gonar da ko karan hatsin bana ba a kwashe ba, amma an riga an yanka ta gida-gida. Dole ce ta sa. Maraɗi ba ta da wurin miƙe ƙafa ta yamma, gulbi ya tare ta, sai ta bi tudu. Ƙidayar 2012 ta ba birnin mutum 267,249, kuma duk mai ido ya san an bar wannan lissafi a baya da nisa. Mutane na haihuwa, ƙauye na kwararowa birni, ɗan kasuwa kuwa ya gano cewa kuɗin da aka binne a fili ba ya faɗuwa irin faɗuwar naira.

Mun tarar an shimfiɗa tabarmi ƙofar gida, ana raba goro da dabino. Liman ya yi addu'a, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗi suna, mata suka rangaɗa guɗa daga ciki. Ni dai hankalina na kan fuskoki. Dattawan da ke sahun gaba kusan duk da zanen Gobir, tsage dogaye sun taso daga gefen baki sun bazu har kusa da kunne, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. A fuskar tsoho zanen ya saje da tamoji, sai ka matso kake rarrabewa. Sahu na biyu, magidanta, wasu na da shi wasu babu. Samarin da ke tsaye a baya da wayoyi a hannu kuwa fuska sumul. Da wanzami ya zo ya zauna ya buɗe zabira, ya wasa aska a tafin hannu, ya jiƙa kan jaririn da ruwan ɗumi ya aske shi tas cikin ɗan lokaci, gashin na zuba a ƙwarya. Na ce masa, "Sarkin aska, ba a yi wa baƙon namu shaida?" Bai ko ɗago ba ya ce, "Wa za shi ba ka ɗa nai yanzu? Da can don kada a ɓace anka yi ta. Yanzu takarda ag ga kowa." Wani Bazabarme ma'aikaci da ke zaune kusa ya ce ai gara da aka bari, ko kaza ta huta da zargin ita ta taka su. Nan wuri ya ɓarke, Gobirawa suka yi masa ca, har da mai cewa a ɗora masa kuɗin ragon suna. Wasan Gobirawa da Zabarmawa ke nan, irin wanda ke tsakaninsu da Yarbawa, ba mai fushi. Irin wannan wasa ne UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya da sunan Nijar a 2014.

Da aka watse na nufi fada a ƙafa. Ba a ɓata a Tsibiri. Tituna masu faɗi ne, rairayi har idon sawu, sun taso daga dandalin fada sun bazu ko'ina kamar wayoyin ƙafar keke, duk wanda ka bi ka juyo zai mai da kai ƙofar sarki. Tsohon garin Hausa ba haka yake ba, lungu ne ke haifar lungu. Wannan shata shi aka yi da igiya da ma'auni, kuma mutumin Maraɗi zai gane hannun, domin haka tsofaffin unguwanninmu, su Bagalam da Limanci da Maraɗawa da Ɗan Gulbi, suka kewaye dandalin Sarkin Katsina. Dalilin wannan kama yana can gangare, zan zo kansa.

Kafin nan sai an san yadda aka yi sarakuna biyu masu tambari suka zauna kusa da juna haka, abin da ba a saba gani ba a ƙasar Hausa. Gobirawa mutanen tafiya ne. Daga Azbin suka gangaro kudu sannu a hankali, suka yi zama a Birnin Lalle, wadda ke ƙasar Dakwaro ta yau, har a tsakiyar ƙarni na 18 Ibrahim Babari ya ci Zamfara ya kafa Alƙalawa a bakin gulbin Rima. Nan Bawa Jan Gwarzo ya yi zamaninsa, nan kirarin “Gobir gidan faɗa” ya zauna daram. Katsina kuwa abokiyar gaba ce a lokacin, Maraɗi ma garin Katsina ne, kuma a Ɗankaishi Katsinawa suka karya rundunar Bawa. Sai jihadi ya zo ya yi musu kuɗin goro. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, a shekarar aka gwabza a Tafkin Kwatto, a 1808 Alƙalawa ta faɗi aka kashe Yunfa. Birnin Katsina ya riga ya faɗi. Ɗan Kasawa, magajin tsohuwar sarautar Katsina, ya yi gudun hijira wajen Damagaram, daga baya wajen 1819 ya dawo ya zauna Maraɗi, cikin kurmin kwarin nan inda doki ba ya sukuwa yadda yake so. Gobirawa kuwa suka yi ta yawo da sarautarsu, yau nan gobe can. Rashin gida ya haɗa abokan gaban jiya. A 1836 Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda suka haɗa kai da Abzinawa suka tari Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke. Aka karya su mummunar karya, sarakunan biyu duk suka kwanta a fagen. Bayan wannan ne Mayaƙi ɗan Yakuba ya tattara sauran Gobirawa, Ɗan Mari da ya gaji Rauda ya ba shi hannu, aka kafa Tsibiri a bakin gulbi, kusa yadda in an buga tambarin yaƙi a gari ɗaya mahayi zai kai labari ɗayan kafin a gama ɗaura sirdi.

Mu da muka yi karatun tarihi daga bakin Sakkwato mun saba jin labarin yana ƙarewa a 1808, wai Gobir ta faɗi, shi ke nan. A nan ba haka ake ba da shi ba, kuma ina ganin suna da hujja. Garin da aka kafa bayan shan kashi ya tsaya da ƙafarsa har Turawa suka zo, Sakkwato ba ta taɓa riƙe shi ba. Sarkin Musulmi Atiku ya kawo masa yaƙi, ya koma da rauni, ya rasu a Katuru a 1842. Abin da ya fi cin Gobir daga baya rigimar cikin gida ce. Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni can yamma, ya shirya da Sakkwato, gida ya rabu biyu. Sai ga ayarin Bule da Shanuwan, sojan Faransa da suka ratsa ƙasar nan a 1899 suna ƙone garuruwa, suka je suka harbe Kanar Kulob, wanda Faransa ta aiko ya tsayar da su, a Ɗankori wajen Tasawa, kafin sojojinsu su juya musu baki. Da Ingila da Faransa suka zauna rabon ƙasa, aka kafa turakun iyaka tsakanin 1906 da 1908, Sabon Birni ta faɗa Najeriya, Tsibiri ta faɗa Nijar. Kufan Alƙalawa ma yana can hayin. Sarkin Gobir na Tsibiri in zai ziyarci kabarin kakanninsa sai ya ƙetare iyaka.

Ƙofar fada ba cunkoso ranar. Dogarai da jajayen riguna suna zaune a inuwa, doki ɗaya a turke yana cin harawa, wasu ƙauyawa sun tuɓe takalma tun daga nesa suna jiran iso, da ganinsu ka san maganar gona ce ta kawo su. Na durƙusa na yi gaisuwa wurin fadawan da ke zaure, aka amsa mini da “an gaishe ka”, aka tambayi daga ina. Da na ce Maraɗi sai wani ya ce, "Bakatsine na, ku ba shi wuri, maƙwabci ba baƙo ba na." Tsarin sarautar yana nan yadda aka taho da shi. Akwai Tara ta Gobir, manyan da ke zaɓen sarki, irin su Ubandawaki da Sarkin Rafi da Sarkin Tudu da Magajin Kukuta, kamar yadda mu a Maraɗi muke da Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi. Jerin sarakunan da fada ke ƙirgawa ya haura 300. Akwai kuma Inna, mace daga gidan sarauta, uwar matan gari kuma shugabar ƴan bori, wadda a da ake shakkar ta kusan yadda ake shakkar sarki. Takwararta a Maraɗi ita ce Iya. Wa'azi ya yi ƙarfi a ƙasar nan tun shekarun 1980, bori ya ja da baya ƙwarai, matasa da yawa ko zancen ba sa so, amma sarautar Inna ba ta mutu ba. Faransawa sun rage Sarkin Gobir zuwa sarkin lardi, sai a 2010, zamanin Abdu Bala Marafa, gwamnati ta ɗaga shi tare da na Maraɗi da na Doso zuwa matsayin sultan, daidai da Agadas da Damagaram.

Bayan azahar, an ci tuwon suna an sha fura, yayan mijin gwaggo ya ce in ina son ganin Tsibiri ta gaske in biyo shi. Tsoho ne tukuf amma da sauran ƙafa, sandarsa ma don korar karnuka ya riƙe ta. Muka bar gidajen ƙarshe, ƙasa ta fara gangara. Cikin ƴar tafiya kaɗan rairayin nan ja mai cin ƙafa ya ƙare, muka taka baƙar ƙasa mai danƙo wadda ta tsattsage saboda rani. Iska ma ta sake, sanyi-sanyi da ƙamshin danyen ganye. Manyan itatuwa suka rufe mu, mangwaro da tsamiya da kanya. Ya tsaya a wata gona ya caka sanda, ya tono ɓallin tukunya, ya miƙo mini.

"Nan garin yat taɓa zama," in ji shi. "Uwata ta ce goye nike ranar. Ruwa ya zo da dare, ba sama yaz zubo ba, daga kudu yat taho. Gina na laka ta, ta jiƙa ta zauna. Rumbuna sunka tahi da hatci ciki. Sai tudu kowa yan nuhwa."

Ambaliyar 1945 yake nufi. Ita ta ci tsohuwar Maraɗi, ita ta ci Tsibiri, domin dukansu cikin kwari aka kafa su, inda kurmi da laka ke kare su daga mahaya. Abin da ya tsare su daga doki shi ya ba da su ga ruwa. Da yaƙi ya ƙare ba sauran dalilin zama cikin fadama, Faransawa suka shata sababbin garuruwa a kan tudu, kowanne da dandali a tsakiya da tituna masu fita daga gare shi. Shi ya sa mai neman tsohuwar ganuwa ko ginin zamanin Mayaƙi cikin gari zai sha yawo a banza. Sarautar ta tsufa, garin da take ciki kuwa akwai masu rai da suka girme shi. Na ce, "Baba, ba ku yi kewar nan ba?" Ya ce tsofaffi sun yi, har akwai waɗanda sai da aka matsa musu suka hau tudu, saboda a sama rijiya na da zurfi, a nan kuwa da hannu ma kana iya tarar da ruwa. "Amma sauro fa, ɗana? Kai dai bari."

Muka ƙarasa bakin gulbin. Ba ruwa ko ɗigo, sai farin rairayi shimfiɗe da sawun shanu, ƴan amalanke na ɗibar yashi, gefe guda masu bulo na yanka laka. Baƙo zai yi dariya in an ce masa wannan ne ya ci birni biyu. Gulbin Maraɗi ɗan damina ne. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya, ya shigo Nijar, ya wuce Madarunfa, ya bi yammacin Maraɗi, ya zo nan ya karkata yamma ya bi ta Gidan Runji, sa'an nan ya koma Najeriya ya faɗa Rima. Wato ya shigo ne ya yi gaisuwa ya koma, kuma in ka bi shi har ƙarshe ƙasar Sabon Birni da Alƙalawa zai kai ka. Ruwan sama a nan wajen milimita 500 ne a shekara, daga Yuni zuwa Satumba, saboda haka arzikin fadama ba daga samanmu kaɗai yake zuwa ba, daga abin da ya sauka a Katsina ne. Tun da aka yi madatsar Jibiya manoma ke kukan cewa ruwa ba ya malala ya kwanta a gonaki yadda ya saba, ba ya barin sabuwar laka, rijiyoyi kuma sun ƙara zurfi. Ƙasashen biyu sun sa hannu kan yarjejeniyar rabon ruwan iyaka a Maiduguri a 1990, gulbin nan na cikinta. Mai lambu dai abin da ya sani shi ne tsawon tiyon da yake saye yana ƙaruwa.

Mun zauna a lambun ɗansa. Zogale ne fal, ba a barinsa ya zama itace, ana sare shi daidai ƙugu ya yi ta tofo. Mata uku na zaune kan buhu suna zage ganye, hannu ɗaya ya riƙe reshe ɗayan ya zuge shi tun daga sama har ƙasa a ja ɗaya, ganyen na zuba a zane, tsinken a jefa wa akuya. Jar akuya ce, irin tamu ta Maraɗi mai yawan tagwaye, wadda fatarta ta yi suna har Turai. Injin ban ruwa na ta tari a bakin rijiyar burtsatse, yaro na bin ruwan da fartanya, ya buɗe wannan fangali ya toshe wancan da ƙafa. Tsakanin layukan an soka albasa da tumatir da ɗan barkono, can gefe rogo. Na tambayi inda ake kai ganyen. Suka dube ni da mamaki. Maraɗi mana, in ji babbarsu, wani ma a shanya ya wuce Yamai. Kwaɗon zogalen da muke saye da yamma a bakin titi, da ƙuli da ɗan yaji, ashe da yawansa daga irin wannan lambu yake fitowa, kuma da asuba yake shigowa birni a bayan babur.

Da muka hauro tudu ta wata hanyar sai na lura da gonakin hatsi. Ba fili fetal ba ne irin na shekarun fari. Ko'ina ƴan itatuwa ne, sabara da kalgo da gawo, an rage musu rassa an bar biyu ko uku sun miƙe. Sassaben zamani ake ce masa: maimakon a ƙone kututture a tumɓuke, sai a zaɓi tofo mai ƙarfi a raine shi. A yankin Maraɗi abin ya fara ƙarfi, daga 1983, da hannun wani ɗan Ostireliya, Toni Rinaudo, da ke aiki da mishan, daga nan ya bazu ƙasa duka. Gawo dai manomi bai taɓa buƙatar a yi masa wa'azinsa ba, tunda da damina yake zubar da ganye ya bar wa hatsi rana, da rani kuma ya yi inuwa ya ba dabbobi ƴaƴa. Mishan ɗin ma tsofaffin baƙin Tsibiri ne. Ƙungiyarsu, SIM, ta fara zama Damagaram a 1924, ta buɗe a nan a 1927, ta yi makaranta, shi ya sa za ka tarar da Bagobiri da zanensa cif yana zuwa coci ran Lahadi, ɗan'uwansa kuma liman ne.

A 1927 ɗin nan dai aka yanke wa garuruwan biyu rabonsu, domin a shekarar Faransawa suka mai da Maraɗi mazaunin kwamanda. Inda kwamanda ya zauna nan kantunan Turawa suka zauna, nan aka kafa sikelin gujiya. Maraɗi ce kuma ke kan hanyar Katsina da Kano, inda jirgin ƙasa yake. Daga awon gujiya alhazan Maraɗi suka taso, da farin 1973 da 1974 ya karya gujiyar sai suka koma fataucin iyaka, atamfa da taba da shinkafa da duk abin da Najeriya ke so. Asibiti babba, jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, filin jirgi, duk can. Layin dogon da aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano, Maraɗi aka ce zai tsaya. Tsibiri ta tashi da tambari da Tara da Inna, Maraɗi ta tashi da sikeli. Wani abin dariya kuma, a takardar gwamnati Tsibiri ba ta ƙarƙashin Maraɗi birni, ƙaramar hukuma ce ta daban a cikin gundumar Gidan Runji. Mutum zai yi cefane a Maraɗi, ya kai matarsa awo Maraɗi, ɗansa na karatu Maraɗi, amma in maganar parfe, shugaban gunduma, ta taso sai ya ba Maraɗi baya ya nufi yamma, tafiyar da ta ninka wancan sau da yawa.

Yamman nan kuwa ba lafiya. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga ƙasar Sabon Birni da Isa suna gudun ƴan bindiga, suka zube a ƙauyukan Gidan Runji, daga baya aka matsar da wasu nesa da iyaka, wurare irin su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakwari. Da yawansu Gobirawa ne, zanensu ɗaya da na masu masaukinsu, wasu ma dangi ne na jini. A gidan sunan akwai wata tsohuwa da ke wanke-wanke tare da matan gida, gwaggo ta ce daga can take, ta zo da jikoki, maza ba su biyo ba. Ban tambaye ta komai ba. Na dai gaishe ta na ce, "Inna, ina baƙunta?" Ta ce, "Baƙunta ta ƙare, ɗana, gida muke."

Ƙanena ya riga ya koma tun da hantsi saboda shago, sai na shiga adaidaita bayan la'asar, gwaggo ta cusa mini ƙullin naman suna da buhun zogale rabi. Cikinmu akwai wani mushe, malamin makaranta a Maraɗi, da kwalin fenti a cinya. Haya ta ishe shi cikin birni, ya sayi fili a tsakanin nan ya yi ɗaki biyu ya tare. Takardar filinsa daga ofishin magajin garin Tsibiri ta fito, aikinsa Maraɗi, shi kuma Bakatsine ne ɗan Mokoyo. Wata mata da ke gaba ta ce to ai ka zama talakan Sarkin Gobir, da salla nan za ka zo kallon hawa. Ya ce shi har yanzu can yake zuwa idi inda ubansa ke zuwa. Ta ce ƴaƴanka fa? Ya ce su dai inda abokansu suka nufa. Unguwar tasu ko suna ba ta yi ba tukuna, da gidan man da ke kusa ake kwatance. Da muka iso ya ce a tsaya, ya miƙa kuɗi, direba ya ƙi karɓa, ya ce cikon fa? Mushe ya ce ai nan Maraɗi ce ta riga ta fara, rabin hanya ya shiga, rabin kuɗi zai biya. Direba ya ce in Maraɗi ce ya nuna masa takardar fili. Sai da matar nan ta sa baki aka raba musu dala goman da suke ja a kanta, kowa ya ɗau biyar, muka wuce.